Sai An Ji Ta Bakin Ɗan Dogo

Litinin, da hantsi

Gwiwar nan ce ta tashe ni. 'Yata ta ajiye mini shayi ta tafi aiki, ya huce ban sha ba, saboda wayar.

Ƙara ta shigo. Mu uku ne masu tsaron ɓangarenmu a dandalin rubutu: ni, da Malama, da Mai Magani. Aikin sa kai ne, ba albashi, ba sannu. Dandalin na wasu mutane ne can nesa da ba mu taɓa gani ba. Kowa yakan buɗe shafinsa ya rubuta abin da ya ga dama, mu kuma tsofaffin ma'aikatan masaƙa da 'ya'yanmu muka sami lungu guda muna zuba abin da muka tuna tun kafin a rufe ta. Masu dandalin sun ba mu iko uku: mu ɓoye magana, mu gargaɗi mutum, ko mu rufe shi. Rufewa sai mu ukun mun yarda, domin in an rufe mutum, shafinsa da duk abin da ke ciki ya tafi ke nan.

Ni ban taɓa zama a aji ba. Baƙaƙen nan a jikin dilolin yadi na koye su, saura marigayiya matata ta ƙarasa mini. Amma da aka zo zaɓen masu tsaro sai aka ce a sa Baba, shi ya san kowa da uban kowa. Na ce na yarda, da sharaɗi ɗaya: ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa. In ƙara ta zo, ni zan kira wanda aka kawo, in ce wane ya ce ka yi masa kaza, me za ka ce? Haka muka yi a masaƙa. Tsarin nan bai taɓa ba mu kunya ba.

Ƙarar yau ta Mai Ɗinki ce. Ta yi aiki a sashen mata tana budurwa, yanzu tana da shago a titin tasha. Da sunan aro take rubutu, mu uku kaɗai muka san ita ce. Ita kaɗai ke rubuta labarin matan masaƙa, mu maza namu muke ta maimaitawa. Makon jiya ta rubuta labarin ranar hayaƙi, ranar da wuta ta tashi a masaƙa, ta ce ƙofar sashensu a kulle take. Ba ta kama sunan kowa ba.

Wani yana zaginta a ƙasan rubutun. Na karanta kaɗan na kife wayar.

Litinin, bayan la'asar

Na duba sunan. Ɗan Dogo ne.

Talata, da safe

Dogo aminina ne tun muna kwasar auduga a buhu. Ni ina shafa wa injuna mai, shi yana riƙe da makullai. Kafin ya rasu ɗansa ya ɗauki muryarsa yana ba da labaran masaƙa, ya sa a shafinsa. Kullum da safe nakan kunna ɗaya. Yau na kunna wanda yake kwaikwayon tarin manaja. Har yanzu sai na yi dariya, ni kaɗai a ɗaki kamar wani taɓaɓɓe.

Na kira yaron. Yaro nake ce masa, ga shi da furfura a gemu. Ya gaishe ni da ladabi, Baffa ina gajiya, Baffa ya ƙafa. Na ce an kawo ƙararka. Ya ce duk wanda ya ce ƙofar nan a kulle take, ubansa ya zaga, domin kowa ya san wa ke riƙe da makullai. Ya ce wani ɗan banza ne da bai taɓa shiga masaƙa ba ya ɓuya da sunan ƙarya yana ƙaga labari.

Na ce a'a, kada ka ɗauki alhaki. Ba baƙuwa ba ce, ta haife ka. Na tuna masa wace ce, da inda take zaune da kekenta, don ya ji kunya. In mutum ya san wanda yake zagi sa'ar uwarsa ce, ai harshensa zai yi nauyi.

Ya ce to Baffa, ya ji.

Laraba, da yamma

Shiru a ƙasan rubutun. Na aika wa Malama cewa an kashe wutar. Abin da babba ya hango. Na sha shayina da zafinsa.

Juma'a, bayan azahar

Malama ta kira. Ba ta tambayi ƙafata ba, ita da kullum da shi take farawa.

Ta ce an sa hoton shagon Mai Ɗinki a dandali, har da allon ƙofa. Ta ce akwai abin da aka yi a jikin ƙofar da sassafe, maƙwabta sun gani. Ta ɓoye hoton, amma bayan ya zaga. Sai ta ce, "Baba, mu uku muka san ita ce. Ni ban faɗa ba. Mai Magani bai faɗa ba."

Na ce cajina ya kusa ƙarewa.

Asabar

Ban fita ba. Gwiwa.

Lahadi, da hantsi

Mun zauna a ɗakin bayan shagon Mai Magani, cikin kwalaye da warin man zafi. Fankarsa tana juyawa kamar an tilasta mata. Ya ba ni kujera mai hannu, shi ya zauna a kan kwali, Malama ta ƙi zama.

Ta zo da maganganunta a shirye, ka san malamar makaranta ko ta yi ritaya ba ta ajiye alli. Ta ce daga yanzu in an kawo ƙarar zagi, a ɓoye zagin tukuna, a yi tambaya daga baya. Kada a sake gaya wa wanda aka kawo ƙara wane ne ya kawo ta. Wanda kuma ya san mai laifi da sani na kusa, ya janye hannunsa. Mai Magani ya ƙara nasa, wai mu riƙa karɓa-karɓa wajen karanta ƙazantar, domin shi kwana biyu ko abinci ba ya yi masa daɗi. Na ce kai da ke sayar da maganin tsutsar ciki yau ƙazanta ta dame ka? Ya yi dariya. Malama ba ta yi ba.

Na ce ban yarda ba. Mutum a ɗaure masa baki, bai san wanda ya kai shi ba, bai san inda zai je ya ba da haƙuri ba? Haka manaja ya riƙa yi mana. Ka zo da safe a ce an sallame ka, ka tambayi wa ya ce, a ce daga sama. Saboda haka muka yi yajin aiki. Yanzu da tsufana in zama manaja?

Malama ta ce a masaƙa wanda ka kira gobe za ku haɗu a bakin inji, dole ya ji kunyar idonka. Ta ce nan ba ido, sai yatsa. Na ce yatsa ma a jikin mutum yake.

Suka ce a rufe Ɗan Dogo. Na ce sai na sake jin ta bakinsa. Mai Magani ya dubi fanka.

Da zan fito ya cusa mini kwalbar man shafawa a aljihu, ya ce don gwiwa, ba don taurin kai ba, wannan bai da maganinsa.

Talata, da safe

Na je kunna Dogo, babu. Duk muryoyin an ɓoye su. Na danna, na danna, na zaci yatsana ne ya bushe, har na lashe shi.

Talata, da yamma

Ɗan Dogo ne ya kira ni. Baffa ina wuni. Ya ce hoton ba shi ya sa ba, abokansa ne, shi dai ya yi zancen a wurin zama. Na ƙofa kuwa bai san komai ba. Ban ce na yarda ba, ban ce ban yarda ba.

Ya ce ya ji ana shirin rufe shi. Ya ce wayar da ya ɗauki muryar da ita ta daɗe da lalacewa, babu ita ko'ina sai a shafin. "In kun rufe ni, Baffa, da mahaifina za ku rufe. Ka tsaya mini, in buɗe maka su."

Yana ƙarami na goya yaron nan a wuyana na kai shi kallon jirgin ƙasa.

Laraba

Shayi ya huce.

Alhamis, da hantsi

'Yata ba ta je aiki ba yau, tana wanki a baranda. Ta ce Baba kwana biyu ban ji tarin manaja daga ɗakinka ba. Na ce wayar ce. Ta ce wayar ce ko mai wayar? Halin uwarta sak, tambaya ɗaya sai ta tuɓe maka hula.

Na ba ta labari sama-sama. Ta ci gaba da matse riga ba ta dube ni ba, ta ce lokacin da wani mutum a wurin aikinta ya dame ta, ba ta kai ƙara ba. Na ce yaushe? Ta ce da daɗewa. Na ce me ya hana ki? Ta ce saboda shugabansu irina ne, mai son sulhu, zai zaunar da su a ɗaki ɗaya ya ce a yafi juna, ita kuma ta fito ta hau mota ɗaya da mutumin. Na ce ni me ya hana ki gaya mini? Ta shanya rigar, ta ce ruwa ya kusa ɗaukewa, bari ta tara.



Asabar, bayan azahar

Na hau mota zuwa titin tasha. Shagon a rufe. An yi wa ƙofar sabon fenti, amma rabi kawai, daidai tsayin mutum, kuma launin bai zo ɗaya da na sama ba. An cire allon. Mai gyaran takalma na gefe ya ce kwananta nawa ba ta fito ba, masu kawo ɗinki suna zuwa suna komawa. Ya ce ko ni ma ɗinki na kawo? Na ce e. Ya dubi hannuna ba komai.

Na dawo. Hawan matakalar gidan nan sai da na huta sau biyu.

Lahadi, da yamma

Mai Ɗinki tana sauke rubuce-rubucenta ɗaya bayan ɗaya. Na mai cikin da ta haihu a ɗakin awo ya tafi. Na waƙar da suke yi in zare ya tsinke ya tafi. Waƙar nan ni ban taɓa saninta ba sai a shafinta, alhali bango ɗaya ne tsakaninmu shekara da shekaru. Ban haddace ta ba. Na ɗauka tana nan.

Malama ta ce ta roƙe ta ta dakata, ita kuwa ta ce ba za ta bar ko harafi a wurin da mai zaginta yake zaune lafiya ba.

Na ranar hayaƙi yana nan tukuna.

Litinin

Ba a yanke wa mutum hukunci sai an ji ta bakinsa. Na faɗa wa bango, bango bai musa ba.

Laraba, da hantsi

Malama ta ba ni kwatancen gidan Mai Ɗinki, bayan ta tambaye ta izini. Ta ce in lura, izini ta nema. Na ce na ji, ba kurma ba ne ni.

Ta ɗauko keken ta kawo gida, yana tsakar ɗaki, ƙyallaye ko'ina. Ta gaishe ni, Yaya sannu da hanya, ta kawo ruwa, ta koma ta zauna tana warware wani ɗinki da reza. Ta tsufa. Ni a raina har yanzu yarinyar nan ce mai gudu da kwandon kwarkwaron zare.

Na fara jawabin da na shirya a mota, cewa tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, yaron maraya ne, zafin uba ne. Ta bar ni na kai ƙarshe. Sannan ta ce in ya zo ba da haƙuri, ta wace ƙofa zai shigo, wadda ya sani ko wadda zan nuna masa?



Ta ce ba ta kawo ƙara don a sasanta ta da kowa ba, ta kawo ne don a cire zagin ta samu ta yi rubutunta. Ta ce sunan aron nan shi ne ɗan mayafinta. Ta ajiye rezar.

"Yaya, kai ka ce sai an ji ta bakin kowa. Ka kira shi sau nawa? Ni yau ka fara zuwa."

Na kalli ruwan da ke kofi.

"Kuma kana wurin ranar. Kai ka ɗauko ƙarfen da aka ɓalle ƙofar da shi. Ana ce mini maƙaryaciya a gabanka, kana da maɓalli a hannu, kana da baki a fuska."

Da zan tafi ta ga aljihun rigata ya ɓarke, ta ce in tsaya. Ta ɗinke shi a jikina, ina tsaye kamar ɗan makaranta.

Alhamis

Ban kunna wayar ba.

Juma'a, da safe

Na gwada tuno muryar Dogo ba tare da waya ba. Labaran suna nan, ko ɗaya bai ɓace ba, ni na fi shi sanin wasu ma, don yana ƙara gishiri. Muryar ce ke zillewa. Na kama tarin, na rasa dariyar da ke biyo baya.

Dogo mutumin kirki ne. Ya ciyar da gidana wata uku lokacin da inji ya kama hannuna. Umarni aka ba shi a riƙa kulle ƙofar a lokacin aiki, wai mata suna fita da yadi a zani. Ranar kuma an aike shi sito da makullan a ƙugunsa. Bai taɓa ba da wannan labarin ba, ko a muryoyin da ɗansa ya ɗauka babu shi. Ni ma ban taɓa ba. Amma a kulle take.

Duka biyun gaskiya ne, kuma na gaji da ɗaukar su ni kaɗai.

Asabar, da la'asar

Ɗakin kwalaye kuma. Fankar ta mutu gaba ɗaya, Mai Magani yana fifita da murfin kwali.

Na ce na yarda da ɓoyewa tukuna. Na yarda kada a faɗi mai ƙara. Amma ban janye maganata ba, dole a ji ta bakin wanda aka kawo, ko bayan an ɓoye ne. Kuma na ƙara nawa: mai ƙara shi za a fara kira, a tambaye shi me yake so a yi, a kuma koma a gaya masa abin da aka yi. Malama ta ce wannan ai bai zo mata ba. Na ce da ma ba komai ke cikin littafi ba. Ba ni na ƙago shi ba, amma ban gaya mata inda na samo ba.

Sai maganar rufewa. Malama ta sassauta murya, ta ce tunda sabon tsari ya ce wanda ya san mutum ya janye, in tashi in sha iska a waje, su biyu su gama. Sauƙi take nema mini, na gane.

Na ce sabon tsari daga gobe zai fara. Bakina ne ya buɗe ƙofar nan, hannuna zai rufe.

Na kira shi a gabansu, don kada a ce ba a ji ta bakinsa ba. Na ce zai sauke abin da ya rubuta, ya hana abokansa, ya bar baiwar Allah ta zauna lafiya? Ya ce sai ta fito ta ce ƙarya ta yi. Na ce ba ƙarya ta yi ba. Ya ce, "Baffa, har kai?" Na ce har ni, kuma ubanka bai taɓa ce wa kowa a buɗe take ba. Na roƙe shi ya kwashe muryar ya adana, na ba shi zuwa faɗuwar rana. Ya kashe waya.

Muka zauna. Mai Magani ya fita ya sallami masu saye ya dawo. Da hasken taga ya yi ja, Malama ta danna nata, shi ya danna nasa, suka miƙo mini. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata. Ita ma ta san a ji ta bakin mutum.

Lahadi

Ban sani ba ko ya kwashe. Bai ɗauki kirana ba.

Litinin, da safe

Hannuna ya je wurin da shafin yake, don sabo. Babu komai, sai fari.

'Yata ta tsaya a ƙofa da jakarta, ta ce in yi mata tarin manaja. Na ce ban iya ba. Ta ce in gwada. Na yi, bai yi kama ba ko kaɗan, ta yi dariya duk da haka har ta makara.

Talata, da hantsi

Malama ta sanar da Mai Ɗinki abin da aka yi, bisa sabon tsari. Ba ta ce za ta dawo ba. Ba ta sauke na ranar hayaƙi ba dai.

Na buɗe shi. An share zagin, ƙasan rubutun fayau kamar an yi shara. Na daɗe ina neman baƙaƙen, yatsana yana danna biyu a wuri ɗaya. Da sunana na gaskiya na sa, wanda duk tsofaffin masaƙa suka sani:

A kulle take. Ina wurin. Mai makullin aminina ne, kuma mutumin kirki ne. A kulle take.

Alhamis, da yamma

Wasu sun daina gaishe ni a dandali. Ɗaya ya ce na ci amanar kabari. Mai Magani ne ke da karatu wannan makon, ya ɓoye kafin in gani, sai da ya kira ni ya tambaye ni me nake so a yi. Na ce a kira mutumin a ji ta bakinsa. Ya ce ya san haka zan ce.

Gwiwa da sauƙi. Ko man ne, ko gajiya ce ta fi ta ƙarfi.

Asabar, da safe

Mai Ɗinki ta maido da ɗaya. Waƙar tsinkewar zare.

Na ajiye shayin, na karanta a hankali da yatsa, layi-layi, na rufe ido na maimaita. Wannan karon sai na haddace.